An karɓi kuɗin iska, ƙauye na bisa tudu yana neman rezo

A ƙauyuka da yawa na arewacin Dakwaro da Tanut, da can cikin Azawak bayan an wuce Abalak, akwai wani wuri da yaro da babba suka sani, ko da yake babu hukumar da ta kafa masa allo. A wani gari tudun rairayi ne, a wani gari itacen aduwa ne, a wani garin kuma saman babbar mota ne in ta tsaya ran kasuwa. Nan ake zuwa neman rezo. Magidanci da furfurarsa zai hau, ya ɗaga talho sama kamar mai roƙon ruwa, ya jira ɗan layin nan guda ya fito a fuskar waya, don kawai ya ji ko ɗansa da ya tafi biɗa Legas ko Abijan ya aiko da kuɗin hatsi. In murya ta fita, an gode Allah. Maganar intanet kuwa, ta aika hoton haja ko ta buɗe takarda, wannan sai an shiga birni.

Iskar da dattijon nan yake laluba da hannunsa an riga an sayar da ita. A Yamai aka yi cinikin, aka rubuta takarda, aka sa hannu, aka karɓi kuɗi masu nauyi, aka karanta sanarwa da faransanci bayan taron ministoci. Abin da bai taɓa zuwa kunnensa ba shi ne ranar da wanda ya saya zai kawo masa nasa rabon.

Kafin a shiga rigimar, ya kamata a san hajar da ake ciniki. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman Landan ko Muryar Sahel ya san abin da ake kira zango: kowace tasha da inda take zaune, in biyu suka haɗu wuri guda ba a jin komai sai hayaniya. Talhon salula ma ƙaramar rediyo ce, mai ji kuma mai magana, tana hira da dogon ƙarfen nan da ake kira antan ta kan zangon da aka keɓe mata. Da megahez ake auna zango. Gidajen rediyon FM suna zaune tsakanin 87.5 da 108. Salular farko ta zauna a 900 da 1800, da 3G ta zo aka ba ta 2100, na baya kuma kowa da gurbinsa. Zangunan nan ƙididdigaggu ne, ba a kuma ƙera sababbi a masana'anta. Kamar rumfunan kasuwar Dole ta Damagaram suke: wanda ya samu ta bakin ƙofa ya samu, wanda bai samu ba sai talla cikin rana. Ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janeba ita ke shata manyan iyakoki, amma a cikin gida gwamnati ce sarkin kasuwa, ita ke cewa wane ga taka, wane ga taka. Abin da ake kira lasisi, in an tuɓe masa rigar faransanci, takardar hayar rumfar iska ce, galibi ta shekara 15.

Ƴan Nijar ba baƙin kokawar iska ba ne. Kafin Babban Taron Ƙasa na 1991 sararin samaniya duka na gwamnati ne, murya ɗaya ke fita daga cikinsa, ita ke faɗin wanda ya yi tafiya da wanda ya dawo da wanda aka yi wa tarba. Daga 1994 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara samun zango, kuma da sojoji suka rufe rediyo Anfani a Yulin 1996, lokacin zaɓen shugaban ƙasa, babu wanda ya buƙaci digirin injiniya kafin ya gane cewa wanda ya riƙe zango ya riƙe bakin jama'a. Ƴan jarida sun yi kuka, ƴan sandika sun yi kuka, ɗalibai sun yi kuka. Abin mamaki, da wannan iskar ta koma haja mai tsada, sai duk aka yi tsit. Aka bar ta ga ƙwararru, wai magana ce mai wuyar ganewa. Ba ta fi cinikin gona wuya ba. An dai lulluɓe ta da manyan kalmomi, kowa kuma ya san abin da ake lulluɓewa a kasuwa.

Ga yadda cinikin ya gudana. A Oktoban 1999, zamanin mulkin riƙon ƙwarya, aka yi dokar da ta buɗe kasuwar sadarwa, aka kafa hukumar sa ido mai suna ARM. A 2012 ta koma ARTP, a 2018 ta koma ARCEP: suna uku cikin shekara 20, kamar ɗan da ake ta sake wa suna ko ya rayu. A Disamban 2000 aka ba Celtel da Telecel lasisin salula na farko, kowanne a kan miliyar 4 da ƴan kai na sefa. A ƙarshen 2007 Orange ta shigo da lasisin da ya kai wajen miliyar 30. A 2014 Airtel, wadda ita ce Celtel ta jiya bayan ta yi zango a sunan Zain, ta biya miliyar 34 don sabunta lasisinta da samun na 3G, na shekara 15. A 2018 ta ƙara miliyar 12 ta karɓi na 4G. Mai lissafi da jika ya tuna cewa miliyar guda jika miliyan guda ce.

Waɗannan alƙaluma kowane ɗan boko mai bin labarai zai iya kawo su a fada. A tambaye shi kuma gari nawa aka ɗora wa kamfanin ya kai wa rezo, a cikin wace gunduma, kafin wace shekara, da wane ƙarfi, sai ya yi shiru yana kallon kofin shayi. Ba laifinsa ba ne. Kuɗin ake shelantawa da ganga, sharuɗɗan kuwa suna kwance cikin wata takarda da ake haɗawa da lasisi, wadda ba a fassara ta da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ba balle a karanta ta a rediyon karkara. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na kaki, amma ɗabi'ar guda ce: ana duban iska kamar akuyar da ake kai wa kasuwa ran da tukunya ta bushe.

Labarin Sonitel kaɗai ya isa shaida. A ƙarshen 2001 aka sayar da kashi 51 cikin 100 nata ga haɗin gwiwar kamfanin ZTE na Sin da LAAICO na Libiya. Alkawuran ba su cika ba, gwamnati ta karɓe abinta. A farkon 2011 aka sake ɗaura mata aure da wani kamfanin Libiya, LAP Green, a kan sadakin miliyar 31 da bai zo ba. A 2012 majalisar dokoki ta mayar da ita hannun ƙasa, a 2016 aka haɗe ta da SahelCom aka raɗa musu Niger Telecoms. Shekara 15 ana kai amarya ana dawo da ita, kuma duk tsawon lokacin nan zangon da ke hannunta yana nan, dukiyar jama'a ce da ba ta ba da amfanin da ya kamata ba. Tambayar da aka riƙa yi a kowane karo ita ce wa zai kawo kuɗi hannu. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

To, wa ke biyan miliyar 34? Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a faɗa masa. Wanda ya biya kuɗin rumfa da na duwan da na mota, a kan mudu yake fanshewa. A raba miliyar 34 gida 15, ya zama miliyar 2 da miliyan 260 da wani abu a kowace shekara, wajen miliyan 190 a kowane wata, kafin a kafa antan ko guda, kafin a zuba gazuwal a inji, kafin a biya mai gadi. Kuɗin nan ba daga Indiya suke saukowa ba. Suna fitowa ne dala-dala daga kiredin mai albasa na Galmi da ke son jin farashin buhu a Akara kafin ya ɗora wa mota kaya, daga aljihun mai atamfa na Maraɗi da ake aiko wa hoton sabon yayi daga Kwatano ko kantin Kwari, daga malamin lakwal da aka tura ƙauye yana neman takardar da sufeto ya aiko ta WhatsApp. Gwamnati takan bugi ƙirji ta ce ta matse kamfanin waje. Gaskiyar magana, ta karɓi lampo ne na shekara 15 a dunƙule, ta bar wa kamfanin aikin tara shi daga hannun talakawa, da riba a kai.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Kamfanin da ya zuba kuɗi masu yawa a rana guda yana gaggawar fanshewa, kuma ya san inda ake fanshewa da wuri: Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, da bakin babbar hanyar kwalta. Antan a unguwar Plateau tana da kuran na NIGELEC, tana da hanya, tana da dubban masu waya da albashi. Antan a bayan Tasara ko Tesker sai an ɗauko mata mai daga nesa ko an shimfiɗa mata faifan hasken rana, sai an haɗa ta da ƴar'uwarta ta kilomita da yawa, ga masu sayen kiredin dala ashirin-ashirin. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wadda fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta a karkara suke, kuma a 2021 masu wutar lantarki ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai kai kansa can don Allah da Annabi. Sai an rubuta masa, an sa masa rana, ya kuma tabbata in ya saɓa zai rasa rumfar.

Akwai masu cewa akasin haka ne matsalar, wai an yi wa Nijar sayen wawa. Sukan kawo misalin maƙwabta: a Janairun 2001 Najeriya ta yi gwanjon lasisin salula a bainar jama'a, kowanne ya tashi a kan dalar Amurka miliyan 285, kusan miliyar 200 na sefa a canjin lokacin, wata guda kacal bayan Nijar ta ba da nata a kan miliyar 4. A abu guda suna da gaskiya, kuma babba ne: can an yi ciniki ido na ganin ido, kowa ya ji tayin kowa. Amma rumfar Kano da ta Cadawa ba kuɗinsu ɗaya ba, domin masu wucewa ta gabansu ba ɗaya ba ne. Kuma tsawwala kuɗi yana da nasa sakamakon. A Disamban 2015 Gana ta sa zangon 800 a kasuwa kan dala miliyan 67.5 kowane kashi. MTN kaɗai ta iya saye, sauran suka ja da baya, ta yi shekaru tana gudu ita kaɗai daga cikin manyan kamfanonin salula a fagen 4G, har a 2020 hukumar ƙasar ta ayyana ta a matsayin wadda ta mamaye kasuwa. A Janairun 2016 Senegal ta nemi miliyar 30 kan lasisin 4G, kamfanoninta uku suka ƙi tayawa baki ɗaya. Mai kukan an sayar da arha da ministan da ke murnar ya sayar da tsada, awo guda suke yi, kuma dattijon da ke bisa tudu ba ya cikin mudunsu.

Ma'aikacin gwamnati yana da tasa hujjar, ba kuma ta raini ba ce. Wanda ya rayu a shekarun 1990 ya san watan da ba ya ƙarewa, ya san bashin albashi na watanni, ya san kunyar wucewa ta gaban mai kanti da mai gidan haya. In aka ce masa miliyar 34 sun shiga baitulmali, abin da yake ji shi ne albashi zai fito a kan kari. Wa zai ga laifinsa? Sai dai ya duba da kyau. Kuɗin shekara 15 ne ake ci cikin kasafin shekara guda, kamar manomin da ya sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona don ya fita kunyar bazara, kaka ta zo ya koma sayen nasa da tsada. Sauran shekaru 14 ɗin baitulmali ya koma inda yake, shi kuwa ma'aikacin yana nan yana biya a kowane ƙarshen wata, duk lokacin da ya sa kati. In kuma aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar asibiti ta karkara, shi ne zai hau tudun tare da dattijon, da rigar likitarsa, yana neman kiran motar ɗaukar mai naƙuda.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Zanguna ba darajarsu ɗaya ba, kamar yadda gona ba ɗaya ba ce. Akwai fadama, akwai jigawa. Na ƙasa-ƙasa, su 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa, suna ratsa bangon laka da duhuwar itace, antan guda kan ɗauki gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi da rugagen da ke tsakani. Na sama, su 2100 da 2600 da 3500 da ake yi wa 5G tanadi, suna ɗaukar kaya da yawa amma numfashinsu gajere ne, na birni ne inda mutane suke cunkushe. Ga ƙasa irin Nijar, na ƙasan nan su ne fadama. Da can telebijin ce ke zaune a kan 700 da 800. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohuwar hanyar watsa hoto zuwa ta zamani, wadda ba ta cin wuri da yawa, tarukan duniya na 2007 da 2012 da 2015 kuma suka buɗe wa salula gurbin da aka bari. Wato gado ne ya faɗo wa ƙasa, irin wanda ba ya faɗowa sau biyu. Duk taƙin wannan fadama da ya fita daga hannun hukuma, ko zai fita gobe, ba tare da jerin sunayen ƙauyuka a jikin takardarsa ba, an ɗauki abincin karkara ne an ba birni ƙari.

Ba sai an je nesa neman dabarar ba, tana cikin dokar ƙasa tun 1993. Dokar karkara ta 2 ga Maris na shekarar ta ɗora wa mai riƙe da gona nauyin raya ta, ta kuma kafa kwamitocin filaye da za su duba ko ya raya. Manomin Gidan Rumji ya san da haka, makiyayin Bermo ya san da haka. Me ya sa ƙa'idar da aka ga ta dace da mai kadada biyu ta yi wa mai riƙe da iskar ƙasa baki ɗaya nauyi? Wasu ƙasashen sun yi, kuma ba ƙasashen gurguzu ba ne. A 2010 Jamus ta yi gwanjon zangon 800 da sharaɗin cewa wanda ya saya sai ya fara da garuruwan da ba su kai mutum 5,000 ba, waɗanda aka lissafa da sunansu, kafin a bar shi ya taɓa manyan birane da shi. Kamfanonin suka yi ta rige-rigen gama ƙauye don su isa inda kuɗi yake. A Janairun 2018 Faransa ta yafe gwanjon sabunta zanguna, a madadinsa ta ɗora wa kowane ɗaya daga kamfanoninta huɗu kafa sababbin antan a wurare 5,000, hukuma ce kuma ke nuna inda za a kafa. A shekarar nan ce Nijar ta ari sunan ARCEP daga can, harafi da harafi. An kwaso sunan, an manto darasin a filin jirgi.

Za a ce ai akwai hukunci. Akwai, an kuma gani. A 2017 hukumar sa ido ta ci kamfanoni huɗu tarar da ta haura miliyar 3 da rabi saboda rashin ingancin aiki, a 2023 ta sake cin su wajen miliyar 4. Amma ina tarar take zuwa? Wanda kiransa ya yanke sau uku yana tsakiyar ciniki bai ga ko dala ba, ƙauyen da ba shi da antan bai samu antan ba. Rashin rezo ma ya zama wata hanyar shigar kuɗi. Shekarar 2018 kuwa ta nuna wasan a fili. Dokar kasafin shekarar ta soke harajin kiran da ke shigowa daga waje, wanda ake kira TATTIE, a daidai lokacin da ta ɗora wa gidaje sababbin haraji. Ƙungiyoyin farar hula suka fito titi, a watan Maris aka kama shugabanninsu. Kafin shekara ta ƙare sai ga hukumar lampo ta garƙame ofisoshin Orange kan miliyar 22, ta garƙame na Airtel kan miliyar 62, kasafin 2019 kuma ya dawo da harajin da aka soke. A Nuwamban 2019 Orange ta sayar da kayanta ga ƴan kasuwar da suka kafa Zamani, ta kama hanya. A ba da da dama, a ƙwace da hagu, a yi fushi, a shirya, duk a kan kuɗi. Cikin wannan dambe na wata da watanni, ba a ji an rufe ofishin kowa don ya bar wata gunduma cikin duhu ba.

A Janairun 2023 ma hukumar da aka kafa don kare mai waya ita ce ta yanka farashin da ba a sauka ƙasa da shi, kuɗin intanet ya tashi dare ɗaya. Sai da jama'a da ƙungiyoyin kare masu saye suka yi ca, cikin Fabrairu aka janye. A nan akwai abin lura: ran da mutane suka gane abin da ake yi da aljihunsu, wata guda ya isa.

Sai kuma ranar da mai rumfa ya kulle kasuwar da kansa. Daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka yanke intanet ta salula kwana goma. Rikicin a wasu unguwannin Yamai da ƴan garuruwa ya faru, amma mai shago a Ƙonni da ɗalibi a Damagaram da mai jiran saƙon kaya daga Lome duk suka sha hukuncin. Wa ya biya su asarar? Kamfani ya karɓi umarni ya bi, domin takardar hayarsa a hannun mai umarnin take. Gwamnati ita ce mai iska, ita ce mai ba da haya, ita ce mai karɓar lampo, ita ce mai ɗaya daga cikin kamfanonin da ke takara, ita ke naɗa alƙalin wasa, makullin kuma yana aljihunta. Ko a kasuwar ƙauye ba a haɗa wa mutum ɗaya sarkin kasuwa da dillali da mai awo.

Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar bayan 26 ga Yulin 2023, ya ƙunshi abin da ya dace a tuna. Aya ta 148 ta ce albarkatun ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, ta 150 kuma ta wajabta buga kwangilolin haƙar su da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. An rubuta wannan ne da yuraniyom na Arlit da man Agadem a zuciya, bayan shekaru 40 na cinikin ɗaki. Iska ba ta da ramin da ake gani, ba ta tashin ƙura, shi ya sa ba a sa ta a layi ɗaya da su ba. Amma ta fi su kusa da rayuwar mutum. Da yawa sun mutu ba su ga ƙwayar yuraniyom ba, talho kuwa yana aljihun mai turin ruwa. Masu mulkin yau da ke maganar ƴancin ƙasa a kan ma'adinai ba su da hujjar tsayawa a bakin rami. In ƴanci ne, ya haɗa da sanin wane kamfani ke riƙe da wane zango, megahez nawa, har zuwa yaushe, nawa ya yi amfani da shi, nawa kuma ya ajiye don kada abokin takara ya samu. Wannan jadawali ne da bai wuce shafi guda ba.

Haka asusun da doka ta tanada don kai sadarwa inda kasuwa ba ta kai ba, wanda kamfanoni ke zuba wa wani kashi na cinikinsu, ma'ana masu waya ke zuba wa. Haka dala miliyan 100 da Bankin Duniya ya amince da su a 2020 don shirin ƙauyuka na zamani a ƙarƙashin hukumar ANSI. Magajin kowane gari ya cancanci a miƙa masa takarda mai cewa ga abin da ya shigo, ga antan da aka kafa a ƙasarka, ga wadda ta rage da ranar da za a kafa ta. Wanda aka cire wa dala biyu a kan kira don asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023 bai yi rowa ba, don haka ba roƙo yake ba in ya nemi lissafi.

Wasu sun ɗauka Starlink ta kashe maganar, tunda an ba ta izini a ƙarshen 2024 ta kuma fara aiki a Maris na 2025, daga sama take zubowa ba ruwanta da antan. Alheri ce ga ofishi da asibiti da babban ɗan kasuwa. Amma faifanta da kuɗin watanta ba na mai sayen kiredin dala ashirin ba ne, sai ta samu wuta, kuma ita ma a kan zangon Nijar take sauka, da takardar da ya kamata a san abin da ke cikinta. Talaka dai da ƙaramar wayarsa zai shiga intanet, ta kan antan, ko kuma ba zai shiga ba.

Lasisin da aka sabunta a 2014 ba zai wuce 2030 ba, na 4G na 2018 zai bi bayansa a 2033, cinikin 5G kuma yana bakin ƙofa. Ba a fara irin wannan shawara ran da wa'adi ya cika, tun da sauran shekaru ake zama. Majalisar ƴan kasuwa tana da reshe a Maraɗi da Damagaram da Tawa, USTN da sauran ƙungiyoyin ƙwadago suna da mambobi a kowace gunduma, ADDC-Wadata ta nuna a 2023 cewa ana jin muryarta. Abin nema a wannan karon a rage kuɗin hannu in ta kama, a mayar da ragowar antan, a rubuta sunan Belbeji da Tesker da Tasara da Bermo da ƙauyukansu a jikin takardar, kowanne da shekararsa, a hana taɓa sabon zango a Yamai sai an gama da su, a kuma rubuta ƙarara cewa wanda ya saɓa za a karɓe zangon a ba wani. Sannan a karanta takardar a Muryar Sahel da harsunan ƙasa, wata uku kafin minista ya ɗauki alƙalami.